Dandali da Dandamali: Sharhi a kan Tsarin Wasanni da Kaɗe-kaɗe a Ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan

Abin da wannan maƙala za ta duba shi ne yadda ake tsara wasanni da kaɗe-kaɗe domin jama'a a ƙananan garuruwa, kuma an ɗauki ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan, a arewacin Jihar Kaduna, don a kafa hujja da ita. A garuruwa da yawa na Turai da Amurka akwai gidan al'adu na jama'ar gari, wanda in lokacin zafinsu ya zo, watau daga Yuni zuwa Agusta, sa'ad da makarantu ke hutu, rana kuma take daɗewa ba ta faɗi ba, sai a fito da jadawali: yau kiɗa, gobe wasan kwaikwayo, jibi koya wa yara zane. Wannan tsari ya dace da su, domin ya fito daga yanayin ƙasarsu da irin aikin da suke ci da shi. Mu kuwa mun aro shi guntu-guntu. Mun aro ɗakin taro da kujeru a jere, mun aro jadawali da agogo, mun kuma aro tunanin cewa lokacin hutun makaranta shi ne lokacin raya al'ada. Tambayar da ba a cika tsayawa a yi ba ita ce, shin waɗannan abubuwa na aro suna iya ɗaukar kiɗa da wasan Bahaushen ƙauye ba tare da sun karya shi ba? Ra'ayin da za a kare a nan shi ne ba su iyawa, sai in an yi musu gyara mai yawa.

Lokacin wasa

Mu fara da lokaci, domin a nan kuskuren ya fi fitowa fili. Dogon hutun makarantun boko yana kamawa ne daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Satumba. Duk wanda ya san ƙasar Zazzau ya san abin da waɗannan watanni suke nufi: tsakiyar damina ce, ana marka, ana maimai da huɗa da zuba taki, ciyawa tana tsere da manomi, rumbu ya yi ƙasa, kuɗin hannu kuma ya tafi ga taki da 'yan ƙodago. Yaron da aka sallama daga makaranta a Paki ko Gimi ko Likoro, gona aka sallame shi, ba hutu ba. Makaɗin ma manomi ne. Kiɗan da ya dace da wannan lokaci shi ne gangar noma a wurin gayya, inda makaɗi ke bin manoma kunya-kunya yana zuga su, yana kiran sunan wanda ya yi gaba, yana yi wa wanda aka bari a baya shaguɓe. Wannan kiɗa ba a zaunawa a saurare shi. Aiki yake yi, kamar yadda fartanya take yi.

Lokacin wasa a wurin Bahaushe shi ne kaka da abin da ya biyo bayanta. In an yanke dawa, an ɗaure dammuna, an sayar da abin sayarwa, sai aljihu ya yi nauyi, dare ya yi sanyi, sararin sama ya washe, wata ya yi haske. A nan ne ake aure, a nan ne ake kalankuwa da dambe da kokawa, 'yan mata su yi gaɗa a dandali, Fulani su yi sharo a ranar kasuwa, 'yan tauri da gardawa da 'yan kama su shiga yawon gari-gari. Babu wanda ya zauna ya rubuta wannan jadawali, amma jadawali ne sosai, kuma ya fi na takarda tsari, domin ya haɗa abu uku da wasa ba ya yiwuwa sai da su: sarari, da kuɗi, da bushewar ƙasa.

To amma ƙasar da muke magana a kanta tana da wani hali nata da ya kamata a lura da shi. Maƙarfi da Kudan ƙasar rake ce, kuma sunansu ya kai nesa saboda shi da mazarƙwaila. Saran rake da matsarsa da dafa ruwansa aikin rani ne. Da can doki ke juya injin matsa, yanzu injin mai ya karɓi yawancin aikin, amma har gobe mutum ne ke sara, shi ke ɗauka, shi ke tsayawa kan wuta. Haka kuma noman tumatir da tattasai da albasa a fadamu ya cika ranin mutanen Hunƙuyi da Ikara, har ma an kafa kamfanin sarrafa tumatir a Ikara a 1981 saboda yawan abin da ake nomawa a yankin. Ke nan ranin da littattafan al'ada ke kwatantawa da cewa lokacin zaman banza ne da cin rani, a nan ba haka yake ba. Saurayin Kudan yana da kuɗi da rani fiye da takwaransa na ƙasar da ba ta da fadama, amma ba shi da dogon sarari. Sararinsa ɗan tsakani ne, bayan an kai dawa gida kafin aikin rake da lambu ya kankama, sa'an nan da dare, sa'an nan ranar kasuwa. Mai shirya wasa da bai san wannan ba zai tara kujeru ya rasa masu zama.

Akwai kuma kalanda ta uku, wadda ba ta bin damina ba ta bin makaranta, watau ta watan Musulunci. Tashe yana farawa ne in azumi ya kwana goma, kuma da yake shekarar wata tana gaza ta rana da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka, tashe yana zagaya dukan yanayin shekara cikin shekara talatin da uku. A 1980 azumi ya faɗo cikin Yuli da Agusta, haka kuma a 2013; a 2025 kuwa cikin Maris aka yi shi. Saboda haka wasan kwaikwayon da ya fi kowane yaɗuwa a ƙasar Hausa, wanda yara ke shiryawa da kansu ba tare da malami ko kwamiti ba, ba shi da wata alaƙa da dogon hutu sai sa'ad da zagayen wata ya kawo shi can. Ranar Hausa ta Duniya, wadda aka fara a 2015 ake kuma yi kowace 26 ga Agusta, ita ce ta faɗo daidai cikin hutun, kuma ta yi amfani ƙwarai wajen ɗaga darajar harshe. Sai dai ranar 'yan birni ce da ɗalibai da ma'abota intanet. Ranar da ake bukinta, mai gangar noma yana gona.

Kalankuwa

Ya kamata a daɗe kaɗan a kan kalankuwa, domin ita ce ainihin abin da za a kira shirin wasanni na ƙaramin gari a wannan ƙasa, kuma ita ce ma'aunin da za a auna na aro da shi.

Samari ke da kalankuwa. Sarkin samari da 'yan majalisarsa su ke sa rana bayan sun nemi izinin mai gari, su ke tara gudummawa, su ke aika goron gayyata ga samarin ƙauyukan maƙwabta, su ke ɗauko makaɗa, su ke raba baƙi gida-gida don a saukar da su a ciyar da su. Wanda aka gayyata bana shi zai yi gayya baɗi, ko ma a mako mai zuwa, don haka bukin yana tafiya daga gari zuwa gari kamar bashi. A cikin labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta aka buga a 1954, an ga yadda samari da 'yan mata na ƙauyukan wannan sashe suke da sarautunsu na wasa tun kafin Turawa su zauna da gindinsu. Abin da kalankuwa ta yi shi ne ta ɗauki wannan tsohon tsari ta buɗe shi ya haɗiye duk wani sabon mai iko da ya bayyana. Da Turawa suka zo sai aka sami Gwamna da Razdan da Di'o a cikin wasan, tare da Sarki da Alkali da 'yan doka da likita. Da aka sami mulkin kai sai ministoci suka shigo, da soja suka hau sai kaki ya shigo.

Mai nazarin wasan kwaikwayo zai tarar da abin mamaki a nan. Babu rubutaccen labari, babu wanda ya haddace magana, amma kowa ya san matsayinsa. Ɗan dokan wasa zai kama mutum na gaske, baƙo ko ɗan gari, bisa laifin da aka ƙaga nan take, a kai shi gaban alkalin wasa, a yi shari'a ta ban dariya, a ci shi tara, kuma tarar kuɗi ne na gaske da zai fito daga aljihunsa ya shiga asusun buki. Watau mai kallo ba shi da tabbacin zai ƙare a matsayin mai kallo. Iyakar da ke tsakanin wasa da gaskiya a buɗe take, kuma daga wannan buɗewa ne daɗin abin yake fitowa, daga nan ne kuma haƙoransa suke. Manomin da ya sha wuya a hannun mai karɓar haraji ko ma'aikacin gona ko ɗan doka, ga shi yau yana kallon ɗan maƙwabcinsa ya sa tufafin wannan ma'aikaci, yana tafiya irin tasa, yana gwaranci da Turanci irin nasa, jama'a na dariya. Ba a ambaci sunan kowa ba, amma babu wanda bai gane ba. Hukuma ta san ana yi, ta kuma kau da kai, domin wasa ne.

Ba a nan kaɗai abin ya tsaya ba. Kalankuwa makaranta ce ta shugabanci, domin yaron da ya iya tara kuɗi ya riƙe amana, ya saukar da baƙi ɗari, ya raba faɗa tsakanin 'yan dambe, ya sallami makaɗa ba tare da sun tafi suna zambo ba, ya koyi abin da ba a koyarwa a aji. Kuma kasuwar aure ce, ba a ɓoye wannan ba. Daga nan ne ma sukar malamai ta taso: cuɗanyar maza da mata da dare, da tsarance, da sakaci da salla, da almubazzaranci da abin da aka sha wuya aka noma. Wannan suka ba ta zamani ba ce, ta girmi boko, sai dai ta ƙara ƙarfi daga ƙarshen shekarun 1970 sa'ad da wa'azi ya yawaita a ƙauyuka. Wanda zai yi adalci ba zai ce sukar ba ta da tushe ba. Amma abin lura shi ne, da aka tashi gyara ba a tsaya an rarrabe tsakanin tsarance da shari'ar wasa ba, ko tsakanin shaye-shaye da kokawa. An haɗa su duka an yi musu kuɗin goro. A wurare da yawa abin da ya rage na kalankuwa shi ne sunanta, sai kuwa dambe, wanda ya tsira domin ya koma sana'a mai tikiti.

Abin da dandamali ke yi wa kiɗa

Sa'ad da dandali ke ja da baya, hukuma ta shigo da niyyar ceto. Bayan yaƙin basasa aka fara bukin fasaha da al'adu na ƙasa a 1970, aka kafa majalisar fasaha da al'adu ta ƙasa a 1975, aka yi bukin baƙar fata na duniya a 1977 wanda Kaduna ta ɗauki nauyin hawan dabarsa, sa'an nan aka fito da manufar al'adu ta ƙasa a 1988. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda ya ba Ikara ƙaramar hukumarta kafin daga baya a fitar da Maƙarfi da Kudan, ya sa wannan tsari ya sami matakala har ƙasa: ƙaramar hukuma ta zaɓi 'yan wasa ta aika jiha, jiha ta tace ta aika tarayya. Ba za a musa alherin da ke cikin wannan ba. Ya sa an san da wasannin da ba a san da su ba, ya kuma ba makaɗin ƙauye wata daraja a idon ɗan boko. Amma ya zo da siffarsa, kuma siffar ita ce abin sharhi.

Siffar kuwa sananniya ce ga duk wanda ya taɓa halartar irin wannan taro a ko'ina cikin Arewa. Akwai rumfa ta manyan baƙi, akwai fili ko dandamali a gabanta, akwai mai gabatarwa da lasifika. Jawabai su ci rabin yini. Sa'an nan a kira ƙungiya-ƙungiya, kowace a ba ta 'yan mintoci, ta shigo cikin anko, ta fuskanci rumfa, ta yi abin da za ta yi, a busa mata usur ta fita. Jama'ar gari, waɗanda su ne masu abin, suna tsaye a rana bayan igiya, suna kallon bayan 'yan wasa.

Don a gane ɓarnar da ke cikin wannan sai a tuna da abin da masana suka daɗe da nunawa game da kiɗan Hausa, kuma abin sha'awa shi ne a ƙasar Zazzau aka yi mafi yawan wannan bincike. M. G. Smith, a maƙalarsa ta 1957 a kan roƙo, ya nuna cewa maroƙi ba nishaɗi kawai yake sayarwa ba, yana bayyana matsayin mutum ne a gaban jama'a, yana tuna masa asalinsa da abin da ake sa rai zai yi, kuma kyautar da aka ba shi amsa ce ga wannan kira. David Ames, wanda ya zauna da makaɗan Zariya, da Anthony King, wanda ya yi aiki a Katsina, sun fitar da littafinsu na kalmomin kiɗan Hausa a 1971, inda ya bayyana sarai cewa kusan kowane kayan kiɗa yana da mai shi: kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma, tambari da kakaki na sarki, ƙwarya da shantu na mata. Ma'anar wannan ita ce kiɗan Hausa magana ce da ake yi wa wani. Take sunan mutum ne da aka faɗa da ganga. In aka kaɗa taken maƙeri ya tsima ya tashi ya kama wuta, tsimuwar ita ce cikar kiɗan. In aka ɗauko mai dundufa aka tsayar da shi gaban rumfar da babu maƙeri ko ɗaya a cikinta, aka ce ya yi minti bakwai, to an sami sauti, amma an yi kira babu mai amsawa.

Haka kuma agogo. Makaɗin baka ba ya zuwa da waƙa gamammiya kamar yadda mai rubutacciyar waƙa yake zuwa da takardarsa. Yana da gindi, yana da 'yan amshi, sauran kuwa a wurin yake gina su, gwargwadon wanda ya shigo fili, da wanda ya yi kari, da wanda ya noƙe. Waƙar Mamman Shata ɗaya takan fito da tsawo daban-daban da ɗiya daban-daban a wurare daban-daban, kuma wannan ba rauni ba ne, shi ne fasahar. Minti bakwai ba su isa a ɗaura kalangu ya yi zafi ba, balle makaɗi ya karanci fili. Abin da yakan yi a dandamali shi ne ya yabi babban baƙo, ya yabi shugaban ƙaramar hukuma, ya yi godiya ya sauka. Ta haka makaɗin manoma yake komawa makaɗin fada ba tare da ya shirya ba, fadar kuma ba mai ɗorewa ba.

Kalankuwa kuwa ba ta hawa dandamali sam. Yaya za a yi ɗan dokan wasa ya kama babban baƙo ya kai shi gaban alkali a ci shi tara? Da za a yarda a yi haka da an sami wasa na gaske, amma ba a yarda. Saboda haka abin da ake nunawa da sunanta rawa ce kawai ta samari da 'yan mata cikin saƙi, an cire shari'ar, an cire kwaikwayon masu iko, watau an zare ƙashin an bar fata. Irin wannan ne ya haifi abin da ake gani a bukukuwan aure na birni da sunan ranar ƙauyawa, inda 'yan birni ke sa tufafin da suke zaton na ƙauye ne suna kwaikwayon baƙauye don dariya. A kalankuwa talaka ne ke kwaikwayon mai iko. A nan kuwa an juya abin, mai hali ne ke kwaikwayon talaka.

Gwaji biyu da ke kusa

Ba a rasa waɗanda suka gane wannan matsala ba, kuma ba nesa suke ba. Sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, a zamanin Michael Etherton da Brian Crow da Salihu Bappa da Oga Steve Abah, ya fara da gina gidan wasa na ƙasa a Samaru a tsakiyar shekarun 1970, wanda Steven Ehrlich ya zana bisa siffar gidan Bahaushe, da zagayayyen fili da ɗakuna kewaye, don a kauce wa dandamalin Turai. Sa'an nan suka ga ginin kaɗai bai isa ba, suka fita ƙauye. A 1977 aka yi Wasan Manoma a Soba, maƙwabciyar wannan yanki, a lokacin shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Obasanjo. Aka bi da na Maska a 1979, sa'an nan Bomo, inda suka tarar da kalankuwa da ranta suka yi aiki da samarin da ke yin ta. Hanyar ita ce ɗalibai su zauna da manoma, su ji abin da ke damunsu, kamar taki da filaye da rance, a gina wasa a kai, a yi shi a dandalin garin, a tsaya a yi muhawara.

Su kansu masu wannan aiki sun soki matakinsa na farko, inda ɗalibai ke zuwa su yi wa manoma wasa su koma jami'a, suka matsa zuwa ga manoma su yi da kansu. Wannan gaskiya ce da ta cancanci yabo. Amma akwai wata suka da ta rage. Wasan da aka gina domin ya warware matsala yakan ɗauki nishaɗi a matsayin zuma da ake shafa wa magani, alhali a kalankuwa dariyar ita ce gaba, sukar tana tafe cikinta. Kuma aikin ya dogara da zangon karatu da motar jami'a, daga baya kuma da kuɗin ƙungiyoyin agaji, waɗanda kowace ke zuwa da saƙon da take so a isar. Duk da haka, a cikin dukan abin da 'yan boko suka yi a wannan fage, shi ne ya fi kusa da mutunta dandali. A Kenya, inda Ngugi wa Thiong'o da mutanen Kamiriithu suka gina cibiyar al'adu ta ƙauye suka yi wasa da harshen Kikuyu a 1977, hukuma ta tsare shi, ta kuma rushe wurin a 1982. Wannan ya nuna cewa in wasan ƙauye ya yi maganar ƙauye da gaske, masu iko sukan daina ɗaukarsa wasa.

Gwaji na biyu a Nijar yake. Gwamnatin Seyni Kountché, wadda ta hau a 1974, ta ɗauki tsohuwar ƙungiyar samari ta mai da ita samariya ta hukuma a kowane gari da unguwa, ta ƙarfafa gidajen matasa, ta kafa gasar kokawa ta ƙasa wadda aka fara a Tawa a 1975. Wasan kwaikwayon samariya, wanda Janet Beik ta yi nazarinsa a littafinta na 1987, ya bunƙasa ƙwarai a Damagaram da Maraɗi, ba a rubuce ba, da Hausar kasuwa, kuma jama'a suka rungume shi. Dalilin nasarar a bayyane yake: an gina a kan sarkin samari da majalisarsa, ba a kan kwamitin ma'aikata ba, kokawar kuma an sa ta bayan an kai amfanin gona gida. Abin da aka biya kuwa shi ne 'yanci, domin samariya ta zama bakin gwamnati, kuma da mulkin da ya raine ta ya wuce sai ta yi rauni. Kokawar ce ta ɗore, har yau ana yin ta kowace shekara ana ba zakara takobi.

Wanda ke riƙe da fili yanzu

Kada a ɗauka cewa da dandali ya yi sanyi garuruwan nan sun zauna shiru. Gidan kallon ƙwallo ya ɗauki samari, waya ta ɗauki kowa. A gidan buki mai kiɗan na'ura ya ture mai kalangu, domin ya fi araha kuma yana ɗauke da waƙoƙin fim da amarya ke so. Makarantun Islamiyya suna da nasu tsari mai ƙarfi, na saukar karatu da musabaƙa da maulidi, inda yara ke rera waƙoƙi suna yin ƙananan wasannin kwaikwayo na wa'azi, iyaye kuma suna zuwa suna yin kari da hannunsu. A gaskiya in ana neman wurin da ya gaji siffar dandali a yau, inda mai wasa da mai kallo suka san juna, kuɗi kuma ke fitowa daga aljihun jama'a ba daga baitulmali ba, to filin Islamiyya ya fi ɗakin taron hukuma kusa da ita. Masu nazarin adabin baka ba su ba wannan fage kulawar da ta kamace shi ba, wataƙila don ba ya cikin jerin abubuwan da aka saba kira al'adun gargajiya.

Mata kuma nasu bai mutu ba, domin bai taɓa dogara da fili ba. Kiɗan ƙwarya da amada, irin wanda Barmani Choge ta Funtuwa ta fito da shi duniya kafin rasuwarta a 2013, cikin gida ake yin sa, ranar suna ko buki, mata zalla, kuma a nan ake faɗin abin da ba a faɗi a gaban maza game da kishiya da miji da sana'a. Wannan ma in an ɗauko shi aka kai gaban rumfar manyan baƙi, rabin maganar ba za ta fito ba.

Saura tambayar abin da mai niyyar alheri zai yi, ko jami'in al'adu ne ko shugaban makaranta ko ƙungiyar ci gaban gari. Bisa ga abin da ya gabata, ginin ba shi ne farko ba. Fili mai inuwa kusa da kasuwa, da fitila, da tsaro da dare, sun fi ɗakin taro mai kujera ɗari biyar amfani. Ranar kuma a tambayi manoman rake da na lambu su sa ta, ko da za ta saɓa wa ranar da babban baƙo yake da sarari. A bar kari ya tafi kai tsaye daga hannun mai bayarwa zuwa ga makaɗi, maimakon alawus da ake biya bayan wata uku. A zauna da malaman gari tun farko a rarrabe abin da za a bari da abin da za a ɗauka, da rana a yi shi in dare ne abin ƙi, domin shari'ar wasa da kokawa da gangar noma ba su ne aka yi wa wa'azi ba.

Dogon hutun ma yana da aikin da ya dace da shi, sai dai ba na nuni ba ne. Ɗaliban sakandare da na manyan makarantu da suka dawo gida cikin Agusta suna tare da iyayensu a gona, kowannensu kuma da waya mai ɗaukar magana a aljihu. Lokacin ne kaɗai cikin shekara da za a iya ɗaukar gangar noma a inda take aiki, da kirarin manoma daga bakin masu shi, a kuma zauna da dattawan da suka riƙe sarautar samari a shekarun 1960 da 1970 a tambaye su yadda aka tsara kalankuwar garinsu, wa ya yi Gwamna, wa ya yi Alkali, nawa aka ci tara, waɗanne garuruwa aka gayyata. Waɗanda suka yi samartaka a wancan zamani sun manyanta yanzu, kuma malamin Hausa na kowace sakandare a Ikara ko Maƙarfi ko Hunƙuyi yana iya ba da wannan a matsayin aikin hutu ba tare da ya jira kasafin kuɗin kowa ba.